Filin Tambaya da Amsa: Yadda Zuciya da Huhu Suke Aiki Tare

Mafi yawan wasiƙun da suka iso mana a wannan karo a kan zuciya, jini da numfashi suke, shi ya sa muka ga ya dace mu tara su wuri guda mu amsa su a jere. Dalilinmu shi ne, tambayar da aka yi a kan huhu sau da yawa amsarta tana wurin zuciya, wadda kuma aka yi a kan zuciya ba ta amsuwa sai an bi ta huhu. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, ni ɗalibin sakandare ne. An koya mana cewa zuciya tana da ɗakuna huɗu, na kuma haddace sunayensu, amma har yanzu ban gane amfanin yawansu ba. Me zai hana ɗaki guda ya isa, tunda aikin dai tura jini ne?

Amsa: Ɗana, tambayarka ta fi haddar sunayen amfani, domin wanda ya gane dalilin ɗakunan ba zai ƙara manta jerinsu ba. Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta kuma a jikin baligi yana tsakanin giram 250 da 350. Tana zaune a tsakiyar ƙirji, bayan ƙashin ƙirji, ta ɗan karkata hagu. Abin da zai buɗe maka hanya shi ne ka san cewa jini zagaye biyu yake yi, kuma kowane zagaye yana da ɓangaren zuciyar da ke tura shi. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zaga jiki, wanda ya riga ya sauke wani kaso na iskar oksijin da ya ɗauko, ya kuma kwaso iskar kabon dayoksaid, sai ya tura shi huhu. Ɓangaren hagu kuwa yana karɓar jinin da ya dawo daga huhu cike da oksijin, ya harba shi zuwa ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Akwai bango na tsoka da ya raba ɓangarorin nan biyu, don kada jinin da ya sha iska ya gauraya da wanda bai sha ba.

Kowane ɓangare kuma ya kasu gida biyu, sama da ƙasa. Ɗakin sama aikinsa tarbar jinin da ke shigowa, ɗakin ƙasa kuma shi ne mai ƙarfin turawa. Tsakaninsu akwai ƙofofi masu buɗewa ta fuska ɗaya tak, haka kuma a bakin manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga ɗakunan ƙasa, jimla ƙofofi huɗu ke nan. Sautin nan guda biyu da likita yake ji idan ya ɗora abin sauraro a ƙirji, ƙarar rufewar waɗannan ƙofofi ne, na farko na ƙofofin da ke tsakanin sama da ƙasa, na biyu na ƙofofin fita.

Akwai wata hikima a rabon nan da ba kasafai ake ambatonta a aji ba, ita ce ta matsi. Huhu abu ne mai laushi ƙwarai, jijiyoyinsa ba za su jure matsin da ake buƙata wajen kai jini har tafin ƙafa ba. Saboda haka ɗakin ƙasa na dama yana turawa a hankali, matsin da yake bayarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na wanda ɗakin hagu yake bayarwa ba, bangon ɗakin hagu kuma ya ninka na dama kauri kusan sau uku. Da ɗaki guda ne, da ko dai huhu ya jiƙe da ruwa saboda yawan matsi, ko kuma jini ya kasa isa nesa.

A kowane bugu zuciyar baligi tana fitar da jini kimanin mililita 70, tana kuma bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Wannan ya kai kusan lita 5 a minti, wanda shi ne kusan dukkan jinin da ke jikin baligi, wato jininka kaf yana ratsa zuciyarka kusan sau ɗaya a kowane minti, a wuni da kwana kuma abin ya haura lita 7,000. Umarnin bugun daga cikin zuciyar yake fitowa, daga wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke bangon ɗakin sama na dama, waɗanda suke haifar da ɗan ƙaramin lantarki da kansu. Ƙwaƙwalwa da sinadaran jiki suna iya ƙara saurin bugun ko su rage shi, amma ba su ne suke tayar da shi ba.

Ya kamata ka san cewa mutane sun daɗe kafin su kai ga wannan sani. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin maganar Galen, likitan zamanin Rumawa na ƙarni na 2, wanda ya ce jini yana tsallakawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan ramuka da ke bangon tsakiya. Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ne ya rubuta a sharhinsa kan littafin Ibn Sina cewa babu waɗannan ramuka, dole jinin ya bi ta huhu, ya haɗu da iska, sannan ya dawo hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da babban zagayen, kuma hujjarsa ta lissafi ce: ya nuna cewa jinin da zuciya take fitarwa cikin rabin awa ya fi dukkan jinin da ke jiki yawa, don haka babu makawa jini ɗaya ne yake zagayawa. Abin da Harvey bai gani ba shi ne mahaɗar jijiyoyi masu fita da masu dawowa. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya hango waɗannan siraran jijiyoyi a huhun kwaɗo ta hanyar madubin ƙara girma.

Tambaya: Likita, ina iskar da muke shaƙa take zuwa, kuma me ya sa mutum ba ya iya riƙe numfashinsa da daɗewa ko da ya ƙudurta?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu bi iskar daga hanci. A cikin hanci ake tace ta, a ɗumama ta, a kuma jiƙa ta, shi ya sa numfashi ta hanci ya fi na baki alheri ga huhu. Daga nan ta gangara maƙogwaro, inda hanyar iska da ta abinci suke rabuwa, kuma akwai wani ɗan murfi na guringuntsi da yake rufe hanyar iska duk lokacin da mutum ya haɗiyi wani abu. Idan murfin ya makara, shi ne ake ƙwarewa. Bututun iska yana da tsawon kimanin santimita 10 zuwa 12, zobba na guringuntsi suna riƙe shi a buɗe, sannan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya shiga huhun dama mai sassa uku, ɗaya ya shiga na hagu mai sassa biyu, wanda ya ɗan fi ƙanƙanta saboda ya bar wa zuciya wuri. Rassan suna ci gaba da rabuwa har sau ashirin da wani abu, suna ƙara sirancewa, har su ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska da yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500. Da za a shimfiɗa bangayensu, faɗinsu zai kai murabba'in mita 50 zuwa 70.

A nan ne huhu da jini suke gamuwa, kuma a ganina babu wani wuri a jikin ɗan'adam da ya kai wannan ban mamaki. Kowace jakar iska siraran jijiyoyin jini sun nannaɗe ta, jijiyoyin da ƙanƙantarsu ta sa jajayen ƙwayoyin jini suke wucewa ɗaya bayan ɗaya. Tantanin da ya raba iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita kauri ba. Babu wani abu da yake tura oksijin cikin jini da ƙarfi. Iska ce da kanta take barin inda ta yi yawa ta koma inda ta yi ƙaranci. Oksijin ta fi yawa a jakar iska, sai ta ratsa cikin jini, kabon dayoksaid kuma ta fi yawa a jini, sai ta ratsa cikin jakar, duk wannan cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuma tana da kusan kashi 16, tare da kabon dayoksaid kusan kashi 4.

Huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa. Aikin na wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, tare da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. Idan faffaɗar tsokar ta ɗame sai ta sauka ƙasa, haƙarƙari ya ɗaga, ƙirji ya faɗaɗa, iska ta kwararo ciki kamar yadda take shiga zugazugin maƙeri idan an buɗa shi. Idan ta saki sai huhu ya koma yadda yake, iskar ta fita ba tare da wani ƙoƙari ba. Baligi mai hutawa yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti, kowace shaƙa kimanin rabin lita.

Game da riƙe numfashi, mutane da yawa suna zaton ƙarewar oksijin ce take tilasta musu sakin numfashin, alhali abin da jiki ya fi sa wa ido shi ne taruwar kabon dayoksaid. Wannan iska idan ta taru tana ƙara wa jini tsami, kuma a gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da lakar baya, akwai cibiyar da take auna wannan tsami dare da rana. Da zarar ya ƙaru kaɗan sai cibiyar ta aika wa tsokokin numfashi umarnin da niyyar mutum ba ta iya danne shi. Ita ce take sa ka ci gaba da numfashi kana barci. Ina jan kunnen matasa masu ninkaya a nan: masu yin dogon numfashi da sauri kafin su nutse don su daɗe a ƙarƙashin ruwa suna korar kabon dayoksaid ne daga jininsu, wato suna kashe ƙararrawar gargaɗi, sai oksijin ta yi ƙasa mutum bai ji komai ba har ya suma a cikin ruwa.

Tambaya: Likita, jijiyoyin da nake gani a hannuna shuɗi-shuɗi ne ko kore-kore. Da gaske ne jinin da ke cikinsu shuɗi ne, sai ya fito ya zama ja?

Amsa: 'Yar'uwa, jinin mutum ja ne a ko'ina cikin jiki. Launinsa daga hemogulobin yake zuwa, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗauke da ƙarfe. Idan ya cika da oksijin jinin yakan yi ja jawur, idan ya sauke wani kaso yakan yi ja mai duhu, irin wanda kike gani a sirinji idan an ɗebi jini don gwaji, domin daga jijiya mai dawowa ake ɗiba. Shuɗin da ido yake gani ya samo asali ne daga yadda haske yake ratsa fata ya dawo. Zanen littattafan makaranta, da suke sa wa jijiyoyi masu dawowa shuɗin launi don a bambanta su, shi ya ƙara dasa wannan zato.

Tambaya: Likita, na haihu kwanan nan. Ina so in san yadda jariri yake numfashi a ciki alhali cikin ruwa yake, kuma ina ganin numfashin jaririna yana da sauri fiye da nawa, abin yana tayar mini da hankali.

Amsa: Maijego, barka da arziki, Allah ya raya. Ɗan tayi ba ya shaƙar iska a ciki, ke ce kike numfashi dominku ku biyu. Jininki yana kai oksijin ga mabiyiya, daga nan ta ratsa wani siririn tantani ta shiga jinin ɗan, ta bi igiyar cibiya ta isa gare shi, ba tare da jininku ya gauraya ba. Hemogulobin na ɗan tayi ya fi na manya ƙarfin kama oksijin, shi ya sa yake iya karɓarta daga jinin uwa. Tunda huhunsa cike yake da ruwa kuma ba ya aiki tukuna, jikinsa yana da hanyoyin yanke guda biyu da suke kauce wa huhun: wata 'yar kafa a bangon da ke tsakanin ɗakunan sama na zuciya, da wata gajeriyar jijiya da ta haɗa babbar jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki.

Kukan farko da ake jira a ɗakin haihuwa shi ne alamar cewa tsarin ya juya. Iska ta shiga, jakunkunan huhu sun buɗe, jijiyoyin huhu sun saki, jini ya kwarara cikinsu, matsin ɓangaren hagu na zuciya ya fi na dama, sai kafar nan ta rufe. Gajeriyar jijiyar kuma takan toshe cikin kwanakin farko. Akwai wani sinadari mai santsi da huhu yake yi a watannin ƙarshe na ciki, wanda yake hana jakunkunan iska mannewa bayan fitar numfashi, kuma ƙarancinsa ne yake sa bakwaini yawan wahalar numfashi.

Saurin da kike gani a mafi yawan lokuta daidai ne. Jariri sabon haihuwa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, zuciyarsa kuma tana bugawa fiye da sau 100, domin jikinsa yana cin oksijin da yawa idan aka gwada da girmansa. Ki ƙirga numfashin na minti guda cur yana kwance shiru, kina kallon ɗagawar cikinsa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba, ko 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5. Idan kuma kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya shaƙi iska, ko yana gurnani, ko leɓensa da harshensa sun yi duhu, ko ya kasa kama nono, to kada ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti nan take.

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya fara haki idan ya ɗan yi tafiya, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai an jera masa matashin kai, ƙafafunsa kuma sun kumbura. Mun ɗauka ciwon huhu ne, amma a asibiti aka ce zuciyarsa ce ta yi rauni. Ta yaya ciwon zuciya zai hana mutum numfashi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da aka gaya muku ya yi daidai da alamomin da ka zayyana, kuma wannan ita ce tambayar da nake so kowane mai karatu ya tsaya a kanta, domin ita ce ta fi nuna cewa zuciya da huhu aiki ɗaya suke yi. Ka tuna cewa duk jinin da ya fito daga huhu ɓangaren hagu na zuciya yake shiga. Idan wannan ɓangare ya yi rauni, ya kasa tura duk abin da ya zo masa, sai jini ya taru a baya, bayansa kuwa huhu ne. Matsi ya hau a siraran jijiyoyin da suka nannaɗe jakunkunan iska, ruwan jini ya fara tsattsafowa, huhu ya yi nauyi ya ƙi buɗewa da sauƙi, tazarar da oksijin za ta ratsa kuma ta ƙaru. Mai ciwon yana jin abin a numfashinsa, alhali tushen yana zuciya.

Batun matashin kai ma yana da bayani. Da rana, idan Baba yana zaune ko tsaye, nauyi yana janye ruwa zuwa ƙafafu. Idan ya miƙe a shimfiɗa sai ruwan ya dawo ƙirji, zuciyar da ta riga ta gaji ta kasa ɗauka, shi ya sa yake neman a ɗaga masa kai, wani lokaci ma ya farka tsakar dare yana neman iska. Kumburin ƙafa kuwa yana zuwa ne idan taruwar ta kai ɓangaren dama, jini ya cunkushe a jijiyoyi masu dawowa, ga kuma ƙoda da take riƙe gishiri da ruwa saboda jinin da ke isa gare ta ya ragu. Maganin da yake sa yawan fitsari da aka saba bayarwa a irin wannan hali yana rage wannan ruwa ne, don haka kada a daina shi don an ga fitsarin ya yi yawa. A rage gishiri, a riƙa auna nauyinsa kowace safiya, idan ya ƙaru da kilo 2 cikin 'yan kwanaki a sanar da likitansa, domin ruwa ne yake taruwa.

Haki yana da wani tushe na uku da ya kamata a sani, wato jinin kansa. Mai ƙarancin jini yana iya samun lafiyayyen huhu da lafiyayyar zuciya, amma ya riƙa haki da jin bugun zuciya, saboda jajayen ƙwayoyin da za su ɗauki oksijin ba su isa ba, dole zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Waɗannan ƙwayoyi a ɓargo ake yin su, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace kuma tana rayuwa kusan kwana 120. Ga masu amosanin jini ƙwayoyin suna lanƙwashewa, suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, suna kuma toshe siraran jijiyoyi. Abin kuma yana iya juyawa ta ɗaya ɓangaren, domin ciwon huhu na shekaru, irin wanda shan taba yake jawowa, yakan ƙuntata jijiyoyin huhu har ɓangaren dama na zuciya ya gaji da turawa. Saboda haka ne likita ba ya yanke hukunci a kan haki sai ya duba ukun duka.

Tambaya: Likita, muna yawan jin labarin iyalai da suka kwanta lafiya aka wayi gari sun rasu saboda hayaƙin janareta ko gawayi a ɗaki. Me ya sa ba sa farkawa su gudu?

Amsa: Malam, wannan tambaya tana da nauyi a zuciyata, domin mutuwa ce da sani kaɗan yake hana ta. Duk abin da ake ƙonawa a inda iska ba ta wadata ba, fetur ne ko gawayi ko itace ko gas, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari. Tana shiga jini ta hanyar da oksijin take bi, kuma hemogulobin yana kama ta da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ko da kaɗan ce a ɗakin, a hankali take mamaye wuraren da oksijin take zama, ta kuma hana ragowar oksijin ɗin sauka inda ake buƙatarta. Abin da ya sa ba a farkawa shi ne abin da muka faɗa a baya: ƙararrawar jiki taruwar kabon dayoksaid take saurare, ita kuwa tana fita yadda ta saba, saboda haka mutum ba ya jin an shaƙe shi. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa daga barcin yake zarcewa suma.

Kada a kunna janareta a cikin ɗaki, ko a lungun gida, ko kusa da taga, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki komai sanyi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, a fitar da kowa waje, a buɗe ƙofofi da tagogi, a tafi asibiti ko da an ji sauƙi, domin oksijin tsantsa da ake sa wa mutum a can tana gaggauta korar gubar daga jini. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ba abin dogaro ba ce a wannan hali, tana iya nuna lamba mai kyau alhali jinin cike yake da guba.

Tambaya: Likita, an auna ni aka ce 150 bisa 95, aka ce hawan jini ne, amma ni ba na jin ciwon komai. Mene ne ma'anar lambobin nan, kuma dole ne in sha magani?

Amsa: Hajiya, lambar sama ita ce matsin da jini yake yi wa bangon jijiyoyi a lokacin da zuciya ta matse ta tura shi, ta ƙasa kuma ita ce matsin da ya saura a lokacin da ta saki tana sake cika. Ga baligi mai lafiya abin yakan kasance wajen 120 bisa 80. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko fiye, ko ta ƙasa ta kai 90 ko fiye. Don haka idan awo ɗaya aka yi miki, a maimaita, kina zaune kin huta minti 5, bayanki a jingine, damtsenki daidai da ƙirjinki, ba kya magana.

Rashin jin ciwo ba hujjar lafiya ba ce a wannan cuta. Hukumar ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan 1 ne suke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ɓarnar a ɓoye take faruwa cikin shekaru. Jijiyoyin da suke shan matsi kullum bangonsu yana kauri yana tauri, cikinsu yana samun rauni inda kitse yake taruwa, hanya ta ƙuntata. Idan hakan ta faru a jijiyoyin da suke ciyar da tsokar zuciyar kanta, domin zuciya ba ta cin jinin da ke ɗakunanta, tana da nata jijiyoyin da suke kwance a jikin bangonta ta waje, to shi ne ciwon zuciya na farat ɗaya. Idan a ƙwaƙwalwa jijiya ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ƙoda da idanu ma suna cikin masu shan wahala, ɗakin hagu na zuciya kuma, da yake turawa a kan matsi mai yawa shekara da shekaru, yana kauri sannan ya gaji, har a kai ga irin halin da aka bayyana a tambayar da ta gabata game da dattijo mai haki.

Shawarar shan magani tsakaninki da likitan da ya duba ki ce, domin zai yi la'akari da shekarunki, da ko kina da ciwon sukari ko na ƙoda. Abin da yake hannunki shi ne rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato abin da bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba har da wanda ke cikin abinci, da tafiya da sauri na kimanin minti 30 a mafi yawan ranakun mako, da rage ƙiba idan akwai, da nisantar taba da hayaƙinta. Idan an ɗora ki a kan magani, ki sani cewa saukar lambobin alama ce ta maganin yana aiki, kada ki ajiye shi sai da izinin likita, ki kuma riƙa rubuta awonki da kwanan wata a takarda kina zuwa da ita duk ranar ganin likita.